Jirgin da ke mutuwa a cikin dutse: nazarin wani ƙaramin layin dogo na cikin ɗaki

## Asalin lamarin

Mai wannan layin dogo magidanci ne da ya haura shekara 50. Hannunsa ya faɗa a aikin katako, amma a harkar wuta iyakarsa sauya ƙwan fitila da ɗaura fulogi. Ya ware ɗaki guda a gidansa don ya gina ƙaramin layin dogo na kwaikwayo, mai tasha da gada da dutsen da jirgi ke ratsawa ta cikinsa. Sikelin HO ya zaɓa, wanda ake rage komai sau 87, tazarar da ke tsakanin ƙarafan dogo biyu kuma milimita 16.5 ce. Shi ne sikelin da ya fi yaɗuwa a duniya, kayansa ba sa wuyar samu.

Babban teburin allon filawud ne mai tsawon santimita 244 da faɗin 122, an jingina dogon gefensa da bango. Ya ƙara masa reshe mai santimita 180 da 60, wanda ya yi da allon MDF, wato garin katakon da aka matse da gam, bai kuwa shafa masa fenti ba. Tagar ɗakin tana saitin reshen, rana na faɗowa a kansa da yamma.

A kan babban tebur akwai zagaye guda, wanda ɓangarensa na baya ya shige cikin dutse. Daga zagayen wani layi ya tashi, ya hau santimita 8 a cikin mita 2, ya tsallake zagayen ta kan gada, ya isa tashar da ke kan reshe. Wani layin kuma ya ratsa tsakiyar zagayen a karkace, ta yadda jirgin da ya bi shi zai fito yana fuskantar inda ya baro. Mararraba shida ce gaba ɗaya.

## Wata na 1 zuwa na 3: gini

Aikin katako ya tafi lami lafiya. Ƙarafan dogon irin masu tanƙwaruwa ne, kowanne santimita 91, na gamin jan ƙarfe da nikel da tutiya. Ana sada kowane ƙarfe da na gabansa da ɗan mahaɗi da ake zura wa bakunan biyu. Ya kafe layin da ƙananan ƙusoshi, kwanoninsa kuma ya yi su matsattsu, santimita 46 daga tsakiya zuwa layi, don su shiga faɗin tebur.

Wuta kuwa, wayoyi biyu sirara da suka zo da akwatin sarrafawa ya ɗaura a gaban tebur, wuri ɗaya tak. Tsohon tsari ne na DC: a murɗa, wuta ta tashi daga sifili zuwa bolt 12, jirgi ya ƙara gudu, a juya gefen wutar, ya koma da baya. Daga wannan wuri ɗaya wutar ke bin ƙarfe, ta tsallaka mahaɗi bayan mahaɗi, ta bi ta harsunan mararraba, wato ƙarafan da ke motsi su karkatar da jirgi, har ƙarshen tasha.

Wurare biyu ya san suna buƙatar kulawa, domin takardar da ta zo da kayan ta faɗa. Na farko layin juyawa: tunda jirgi na komowa a juye, ƙarfen waje na zagaye kan je ya sadu da na ciki, wuta ta yi shot, wato gefen wuta biyu su haɗe kai tsaye. Sai ya sa siririn zarto ya yanke ƙarafan biyu a wuri biyu, ya keɓe santimita 70, tsawon da zai ɗauki kan jirgi, ya ba wurin makunnin da ke juya gefen wuta. Na biyu tasha. Mararraba iri biyu ce a kasuwa: wadda zuciyarta, inda ƙarafa ke giciye, ta roba ce, da wadda zuciyarta ta ƙarfe ce mai ɗauke da wuta. Kamfanin Peco na Ingila yana kiran su Insulfrog da Electrofrog. Huɗu na kan tebur masu zuciyar roba ne, biyun da ke bakin tasha da ƙarshenta, suna fuskantar juna, masu zuciyar ƙarfe. Ya yanke giɓi a tsakiyar ƙarafan ciki guda biyu da ke tsakaninsu. Duk giɓin da ya yanke haka ya bar shi, ba a cusa komai ba.

Aka kunna, jirgi ya zagaya ko'ina ba gargada.

## Wata na 4: tsakuwa, sannan alamar farko

Ya zuba ƙananan tsakuwa a tsakanin gumaguman da ƙarafan layi ke zaune a kansu, ya jiƙa su, ya ɗiga musu farin gam da aka sirka da ruwa rabi da rabi, da ɗigon sabulun wanke-wanke don ya ratsa. Da ya bushe, layin ya fito sak na gaske.

Bayan kamar mako guda jirgi ya fara rage gudu da kansa idan ya shiga dutse, fitilarsa na ƙyaftawa. A bakin tasha wani lokaci sai ya tsaya cak, a zungure shi da yatsa ya ci gaba. Wani ƙaramin kan jirgi mai ƙafa huɗu, wanda ake jera tarago da shi, shi kam kusan duk mararrabar roba sai ya mace a kanta.

Mai layin ya ɗora laifin a kan datti, kuma da ya goga farin ƙyalle a kan ƙarfe, baƙin layi ya fito. Ya goge ko'ina. Da abin ya dawo, ya koma ga samfefa, ya cuɗa saman ƙarafan har suna ƙyalli. Kwana biyu ko uku aka samu sauƙi, sannan baƙin ya dawo da wuri fiye da da. Ya kuma ɗiga wa kawunan jirgin mai a giya da gindin ƙafafu, bai yi rowa ba. Haka aka yi ta yi har wata na 5 ya ƙare: a goge, a samu kwana biyu, a koma gidan jiya.

## Wata na 6: sauya sheƙa zuwa DCC

Sai ya yanke shawarar cewa akwatin sarrafawar ne ba shi da ƙarfi. Ya sayi na zamani mai tsarin DCC, mai ba da amfiya 5.

A wannan tsari wuta tana kan layi kullum, wajen bolt 14 a sikelin HO, kuma a cikin wutar ake aika umarni. Kowane kan jirgi na da 'yar na'ura, dikoda, mai lambar kanta, wadda ke tsintar umarnin da ya shafe ta ta ba injin wutar da ta dace. Daga aikin kamfanin Lenz na Jamus tsarin ya samo asali, ƙungiyar NMRA ta Amurka, wadda aka kafa a 1935, ta mai da shi ma'aunin kowa a farkon shekarun 1990. Ya sa wa kawunan jirginsa uku dikoda, ɗaya har da mai fitar da ƙarar inji. Sabon akwatin kuma a kan tsofaffin wayoyin nan biyu ya ɗaura shi.

Tsayawar ba ta daina ba, sai ma ta ƙara fitowa fili. A da, in wuta ta ɗauke na ƙiftawar ido, jirgi kan wuce da saurin da ya taho da shi. Yanzu dikoda mai ƙara mutuwa take yi ta sake tashi daga farko, a ji injin yana sake kunnuwa a tsakiyar tafiya.

Sabbin matsaloli biyu suka shigo. Ya sayi taragon fasinja biyar masu fitila a ciki, masu ƙafafun ƙarfe da ke ɗaukar wuta daga layi. Da su da kan jirgi tsawonsu santimita 150. Duk sa'ad da suka bi layin juyawa, akwati ya yi ƙara ya ɗauke wuta, ko ta wane gefe aka sa makunni. Ta biyun ta fi muni. Wani tarago ya goce a ƙarshen tasha, ƙafarsa ta gitta ƙarafa biyu. Akwati bai ɗauke wuta ba, bai yi ƙara ba. Warin roba ne ya jawo hankalin mai layin, kafin ya kai hannu gidan ƙafar taragon ya narke ya karkace.

## Wata na 7 zuwa na 9: dalma a kowane mahaɗi

Wata rana jirgi ya mace a gefen tebur, ya danna mahaɗin da ke bayansa da bakin sukundireba, fitila ta kama nan take. Ya zare mahaɗin ya duba cikinsa: busasshen gam ne fari ya yi masa rufi, bakinsa kuma ya saki.

Ya samo ƙarfen soda da dalma ya bi mahaɗai ɗaya bayan ɗaya yana liƙewa. Duk wanda hannunsa ya kai bai bari ba, tun daga zagaye, hawan gada, har ƙarshen tasha. Bai taɓa na cikin dutse ba, domin suna can jikin bango, fiye da mita guda daga inda mutum zai tsaya, ga dutse ya rufe su. Ya kuma ƙyale na jikin mararraba don tsoron narka su. A wurare da dama ya daɗe da ƙarfen soda a kan layi har gumaguman roba suka yi laushi, wasu liƙin kuma suka fito dunƙule-dunƙule, launinsu toka-toka.

Zagayen ya gyaru ƙwarai, in ban da cikin dutse. Tasha ta ɗan samu sauƙi. Layin juyawa kuwa, mai layin ya daina bi ta kansa da taragon fasinja kwata-kwata. Wata biyu aka yi a haka, yana ganin an gama.

## Wata na 10: layi ya kauce

Lokacin da iska ta bushe, laimar ɗakin ta ragu sosai, rana kuma na dukan reshe ta taga. Wata yamma ya tarar da miƙaƙƙen layin da ke shiga tasha ya yi gwiwa, ya kauce gefe kimanin milimita 4, tsakuwar wurin ta tsage. Ya danna shi ya ƙara ƙusoshi. Bayan kwana biyu gwiwar ta ɓullo a gaba kaɗan.

A makon ne kuma akwati ya fara ƙarar shot da zarar an kunna shi. Ya sauke kawunan jirgi, bai daina ba. Ya sauya wayoyin biyu da wasu irinsu. Ya mayar da dikodojin yadda suka fito daga masana'anta a kan wani guntun layi daban, ko da yake ba sa ma kan layin da ke shot ɗin. Ya dawo da tsohon akwatin DC, shi ma jar fitilarsa ta kama. Daga nan ya lulluɓe teburin da zane, ya rufe ɗakin mako uku.

## Wata na 11: awo

Ɗan ƙanwarsa, saurayi mai gyaran rediyo da talabijin, shi ya zo da mitar gwajin wuta. Bai taɓa harkar ƙaramin jirgi ba.

"Kawu, ina zanen wayoyin?"

"Wane zane kuma, ɗana? Waya biyu ce kacal."

"To a sauke duk abin da ke da ƙafa daga kan layi, a cire akwatin ma."

Ya sa mitar a inda take kuka idan ƙarfe biyu sun haɗe, ya maƙala bakunanta a ƙarafan layi. Ta kama kuka. Ya cire wayoyin makunnin layin juyawa, ba ta yi shiru ba. Sai ya je mararrabar da layin gada ya tashi daga cikinta, inda mahaɗai ba su da dalma, ya zame su gefe da filaya, ya raba layin gida biyu. Ɓangaren zagaye shiru, ɓangaren tasha kuka. A tasha ya shiga juya mararraba biyun nan masu zuciyar ƙarfe, sai ya lura idan duka biyun sun nufi layi ɗaya mita kan yi shiru, idan sun saɓa ta dawo da kuka. A saɓe kuwa aka bar su tun ranar da abin ya fara.

Wannan ya nuna zuciyoyin biyu sun haɗe ta wani wuri. Suka duba giɓin da aka yanke a tsakaninsu. A ido yana nan, ɗan layi baƙi. Da aka gwada zura takarda, ɗaya ya karɓa, ɗaya ya ƙi. Da madubin ƙara girma aka ga bakunan ƙarfen sun manne. Minti ashirin ba a cika ba aka gano shot ɗin. Da madubin ne kuma aka ga saman ƙarafan duk zane-zanen samfefa, kowane zane cike da baƙin datti.

Da aka buɗe giɓin, aka mayar da mahaɗai da akwati, saurayin ya auna wuta. Mita ta gama-gari ba ta ba da ainihin adadin wutar DCC, domin ba irin wutar da aka yi ta dominta ba ce, amma tana isa a kwatanta wuri da wuri. A gaban tebur bolt 14, a cikin dutse 14, a ƙarshen tasha 14. Kawun ya ce ai ga shi, wuta na kaiwa ko'ina.

"Tukuna, Kawu. Famfo a rufe, kowane bututu cike yake da ruwa. Sai an buɗe ake sanin wanda ya toshe."

Ya ɗauko ƙwan fitilar birkin mota, mai bolt 12 da wat 21, wanda ya liƙa wa wayoyi biyu, ya ɗora a kan layi don ya ja wuta, ya sake awo. A gaban tebur ƙwan ya haska fes, mita ta nuna 13.5. A bakin dutse 11.5. A ƙarshen tasha ƙwan ya yi ja-ja, mita ta nuna 9.5. Bolt 4.5 ke ɓacewa a hanya alhali ƙwan na jan kimanin amfiya ɗaya da rabi, wato turjiyar hanyar ta kai om 3.

Lissafin da ya biyo baya shi ya bayyana narkewar taragon. Akwatin ba ya ɗauke wuta sai abin da ake ja ya haura amfiya 5. Bolt 14 a kan om 3 kuwa bai kai 5 ba, yana tsayawa wajen 4.6. Ke nan ko an gitta ƙarfe a ƙarshen tasha, akwati ɗauka yake jiragen ƙasa ne ke aiki, ya ci gaba da tura wuta, fiye da wat 60 na zafi na rabuwa tsakanin sakakkun mahaɗai da ƙafar da ta gitta. Suka tabbatar da gwajin da masu wannan harka suka saba yi: a ɗora tsabar kuɗi ta ƙarfe a kan ƙarafa biyu. A gaban tebur akwati ya ɗauke nan take. A tasha shiru, sai tsabar da ta fara ɗumi.

Reshen ma an auna shi. Ya gaza tsawon da aka yanka shi da kusan milimita 2.

## Wata na 12 da na 13: gyara

Suka fara da zane a takarda, sannan suka shiga ƙarƙashin tebur. Sun ja uwar waya guda biyu ta jan ƙarfe, ja da baƙa, mai kaurin milimita murabba'i 2.5, tana bin sawun layi ta ƙasa. Daga ita ake ɗaukar 'yan wayoyi sirara, na milimita murabba'i 0.5, waɗanda ba su wuce santimita 20 ba, su hudo ta tebur su kama ƙarfen dogo ta gefen waje. Kowane guntun ƙarfe, komai ƙanƙantarsa, ya samu tasa wayar, har da na jikin mararraba. Sun haura 40 a kowane launi.

Dabaru biyu suka hana rikicewa. Sun liƙa wa wani tarago jan tef a gefe ɗaya, baƙi a ɗayan, suna tura shi da hannu. Duk inda ya tsaya, shi ke faɗin launin kowane ƙarfe. Mitar kuma tana maƙale a layi tana jiran kuka duk tsawon aikin, akwati a cire, ta yadda wayar da aka ɗaura a baibai za ta tona kanta tun kafin dalma ta huce.

Liƙin ma an sake koyonsa. A kankare gefen ƙarfe har ya yi haske, a shafa ɗan man soda irin na kayan lantarki (mai asid yana cin ƙarfe daga baya), a fara shafa wa waya dalma, a shafa wa ƙarfe, sannan a haɗa su a taɓa da ƙarfen soda mai zafi sosai na daƙiƙa biyu ko uku. Jiƙaƙƙiyar auduga a hagu da dama tana shanye zafi kafin ya kai ga roba. Ƙarfen soda mai sanyi-sanyi shi ke narka gumagumai, domin dole a daɗe da shi a wurin. Kowace waya sai an fizge ta an ga ba ta saki ba. Suna aikin taga a buɗe, suna wanke hannu bayan taɓa dalma.

Cikin dutse sai da aka yanke ƙofa ta ƙarƙashin tebur, mai faɗin santimita 30, kafin hannu ya kai. Mahaɗai biyu aka samu a can suna zamewa da yatsa.

Daga nan aka warware rabin aikin wata na 7. An narke dalmar mahaɗan da ke kan miƙaƙƙen layi, aka rage bakin ƙarfe da magagari, aka bar tazarar kaurin kati, kimanin rabin milimita, a kusan kowace mita. Na kan kwana an bar su a liƙe, domin ƙarfe mai tanƙwaruwa yana son miƙewa, kuma a mahaɗi yake yin gwiwa idan ba a liƙe ba. An cire santimita 60 da suka kauce aka sa sabo. Kowane giɓin raba wuta an sake yanka shi, an cusa masa siririn roba da gam mai kamawa nan take, an goge shi daidai da saman ƙarfe. Allon MDF ya sha fenti ta ƙasa da gefuna, taga ta samu labule.

An raba layin shiyya uku. Zagaye da tasha kowanne ya samu birekarsa mai ɗauke wuta, da aka saita a amfiya 3, don shot a ɗaya kada ya kashe ɗayan. Layin juyawa an tsawaita keɓaɓɓen ɓangarensa daga santimita 70 zuwa 165, aka cire makunnin hannu aka sa na'urar da ke juya gefen wuta da kanta da zarar ƙafa ta taka giɓi. Zuciyoyin mararraba biyu na tasha an raba su da harsunansu, aka ba kowace zuciya waya daga makunnin da ke motsi tare da mararrabar. Masu zuciyar roba ba a taɓa su ba. Ƙaramin kan jirgin aka sa wa kafasita mai riƙe wuta ta ɗan lokaci, wadda ke tsallakar da shi.

Saman ƙarafa an murje shi da bayan santsin wani ƙaramin ƙarfe har zane-zanen suka kwanta, aka goge da ƙyalle da sinadarin isofurofil. An wanke man da ya malalo kan ƙafafu.

Awon ƙarshe da ƙwan mota: gaban tebur 13.6, cikin dutse 13.5, ƙarshen tasha 13.4. Tsabar kuɗi kuma duk inda aka ɗora ta wuta na ɗaukewa nan take.

## Wata na 14: gocewar da ta rage

Da wuta ta daidaita, aka fara jan dogayen jirage, sai gocewa ta bayyana a gindin hawan gada da kan mararraba ɗaya. Wannan karon abu ɗaya-ɗaya aka riƙa sauyawa, ana rubuta wane tarago ne, a ina, ta wace fuska.

Tarago biyu ne kawai ke tsalle a mararrabar. Tazarar bayan ƙafa zuwa bayan ƙafa ya kamata ta kasance wajen milimita 14.4 zuwa 14.5, nasu 14 ce, suna hawa kan ƙarfen da ke tsare ƙafa. Aka murɗa su aka buɗa. Na gindin hawa kuwa marasa nauyi ne. Shawarar NMRA ga HO ita ce kimanin giram 28, a ƙara giram 14 ga kowane santimita biyu da rabi na tsawo, wato tarago mai santimita 15 ya kai kimanin giram 112. Nasa giram 60 ne. Aka liƙa musu guntayen ƙarfe a ciki, a ƙasa-ƙasa. Gindin hawan, wanda ya tashi kai tsaye daga shimfiɗa, an cusa masa kwali a hankali a tsawon santimita 30 don ya tashi sannu-sannu.

## Hukunci

Matsalar wata na 4 ba datti ba ce, ko da yake dattin na nan. Wuta ce ke bin hanyar da ba a gina don ita ba. Aikin mahaɗi riƙe ƙarfe biyu a saiti, kuma tun yana sabo yake wucewa da wuta da kyau. Da gam ya shiga cikinsa, bakinsa ya saki, shi ke nan. Gamin da ake yin ƙarfen dogo da shi ma ya fi jan ƙarfe turjiya fiye da sau 10, amma ba shi ne babban mai laifi ba a layi mai wannan girma. Mahaɗai da harsunan mararraba su suka cinye bolt ɗin. Samfefa ta ba da sauƙin kwana biyu ne don ta cire dattin sama, ta kuma tona masa ramukan zama. Man da aka yawaita shi ya ƙara kama ƙura.

Sayen DCC ba asara ba ne, amma ya zo kafin lokacinsa, kuma shi ne mataki mafi haɗari a duk lamarin. Akwati mai amfiya 5 a kan hanya mai om 3 ba shi da yadda zai gane shot. Tarago ɗaya aka rasa. Da mai layin ya fita daga ɗakin a wannan lokaci, da abin ya wuce haka.

Dalmar wata na 7 ta gano ciwon daidai, ta kuma haifar da na wata na 10. Ƙarfen dogo mai mita guda yana ƙaruwa da kimanin sulusin milimita idan zafi ya ƙaru da digiri 20, allon MDF marar fenti kuma yana tsukewa idan laima ta ragu. Ƙarfe na miƙewa, allo na janyewa, an kuma toshe duk inda bambancin zai shige. Sai ya fita ta gefe a ƙarafan waje da ba su da giɓi, ya rufe giɓin da aka bari fayau a na ciki. A ganina rabon allon a wannan ɓarna ya fi na rana, domin milimita 2 da aka auna sun zarce abin da zafin taga kaɗai zai iya yi wa layin tasha.

Abin da ya yi aiki shi ne raba aikin biyu: waya ta ɗauki wuta, mahaɗi ya riƙe saiti ya kuma bar ƙarfe ya motsa. Gano hakan bai buƙaci ƙwarewa a harkar jirgi ba, mita da ƙwan mota da tsabar kuɗi suka isa, tare da raba layi gida biyu har a ƙure wurin. Awon da ba a ɗora wa layi kaya ba shi kaɗai da ya ɓatar da su, tunda 14 ya nuna ko'ina.

Abubuwa biyu ba su gyaru ba, kuma daga zanen farko suke. Faɗin santimita 122 a jikin bango ya fi ƙarfin hannu, don haka goge layin baya sai an shiga ƙarƙashin tebur. Hawan gada kuma kashi 4 cikin 100 ne, ninki biyu na kashi 2 da aka fi ba da shawara, tsakiyarsa ma ta ɗan ƙara tsayi bayan an sassauta gindinsa. Sauko da shi zuwa kashi 2 na buƙatar mita 4, tebur ba shi da su. Bayan an ƙara wa tarago nauyi, kan jirgi ɗaya ba ya hawa da fiye da tarago takwas na kaya, in za a wuce haka sai an haɗa kai biyu.